Sai An Kulle Ta Za Mu Ji Ta Bakinta?

Yau da fushi na ɗauki biro, kuma ba zan ɓoye muku ba, rabin fushin nan da kaina nake yin sa.

Abin da ya jawo maganar wani fim ne da 'yar yayana ta kunna mana a kwamfutarta da ta zo hutu daga jami'a. Irin fim ɗin nan ne da ake ɗaukar mutane na gaskiya a cikin halin da suke ciki, babu jarumi, babu waƙar soyayya a lambu. Sunansa da Larabci Yaumiyyat Shahrazad, wato labarin kwanakin Shahrazada. A ƙasar Labanon aka yi shi, ya fito a 2013. Mu huɗu muka zauna kallo a ɗakina, ni da yarinyar, da wata maƙwabciyata, da facalata Hajiya, matar yayan maigidana. Larabcin nasu ya sha bamban da wanda muka koya a Islamiyya, kalma ɗaya-ɗaya nake tsinta, don haka yarinyar ce ke karanta rubutun da ke fitowa a ƙasa tana fassara mana.

Ko rabi ba a kai ba Hajiya ta tafa hannu ta ce, "Oh ni 'yasu! Yau nake ganin abin da ya fi ƙarfina. Mata sun kashe mazajensu, maimakon a bar su su ji da zunubinsu, sai a tara musu jama'a suna rawa ana yi musu tafi? Kuma ji yadda suke zazzage cikin gidajensu a gaban maza, ko kunya babu. Ke 'yar nan, kashe mana abin nan, kada ya ɓata ki."

Ban tanka mata ba a lokacin, saboda gaba take da ni, kuma a ɗakina take. Amma maganar ta kwana tana cina. Na kuma san ba Hajiya kaɗai ke da wannan ra'ayi ba, da yawa daga cikin masu riƙe da wannan ɗan littafi haka za su ce. To bari in ba da amsar a nan, inda babu mai katse ni.

Da farko ku ji abin da ke cikin fim ɗin. Labanon dai ba baƙuwar ƙasa ba ce a wajenmu, ita ce ƙasar Kwarorin nan da kakanninsu suka kafa kantuna a Kano, inda har yau muke zuwa yankan atamfa a Kantin Kwari. A gefen babban birninsu Bairut akwai wani gari mai suna Ba'abda. A nan fadar shugaban ƙasarsu take, a nan kuma ɗaya daga cikin gidajen yarin mata yake. Wata mata mai suna Zaina Dakkash, wadda mutanen ƙasar suka fara sani a wasan barkwanci na talabijin, ta je ta yi karatun yadda ake warkar da ciwon zuciya ta hanyar wasan kwaikwayo. Ta kuma ga yadda wani Ba'italiye, Armando Punzo, yake yin wasa da fursunoni a kurkukun garin Volterra tun 1988. A 2007 ta kafa cibiyarta a Labanon. Ita ce ta shiga gidan yarin Ba'abda ta yi wata 10 tana zama da matan da ke tsare, har a 2012 suka shirya wasa suka nuna shi a cikin gidan yarin, mutanen gari suka riƙa shigowa suna kallo. Fim ɗin da muka gani shi ne labarin waɗannan watanni.

Kada ki ɗauka an kawo musu wani labari ne daga waje an ce su haddace. Labarin kansu ne. Yadda masu wannan sana'a ke yi, ana farawa da 'yan wasanni kamar na yara, don jiki ya saki, a saba da juna. Sannu a hankali sai mutum ya fara buɗe baki. Wani lokaci a ba wata labarinki ta taka shi ke kina kallo, wani lokaci a ce ke ki zama mahaifin naki ko mijin, ki yi magana da muryarsa. Abin da ya daskare a ƙirji shekara da shekaru sai ya samu hanyar fita. Daga irin wannan zama aka tattara abin da matan Ba'abda suka faɗa aka mai da shi wasa. A cikinsu akwai waɗanda ake tuhuma da kisan miji, da waɗanda aka kama da ƙwaya, da waɗanda aka ɗaure saboda bin maza da aurensu. Kuma da aka bi labarin nasu baya, sai ga aurar da yarinya tun ba ta san kanta ba, ga duka, ga fyaɗe, ga iyayen da aka kai wa kuka suka juya baya.

Sunan da suka zaɓa ma abin lura ne. Duk wadda ta taɓa jin Dare Dubu da Ɗaya ta san Shahrazada, 'yar waziri da ta auri sarkin nan mai kashe amaryarsa kowace safiya. Da me ta tsira? Da baki. Kullum dare sai ta ɗauko labari, ta katse shi a inda ya fi daɗi, sarki ya ɗaga mata ƙafa zuwa gobe. Da ta bi irin tarbiyyar da muke yi wa 'ya'yanmu, ta shiga ɗaki ta ja mayafi ta yi shiru don kada a ce ba ta da kunya, da gari na wayewa an fille mata kai kamar sauran, kuma da an ci gaba da kwasar 'ya'yan mutane. Mun ji wannan labari tun muna yara, mun yi ta jin daɗinsa, amma in muka zo kai amarya sai mu ce mata, ki zama kurma, ki zama bebiya.

Yanzu in koma kan maganar Hajiya. Akwai gaskiya a ɓangare ɗaya na abin da ta faɗa, ba zan danne ta ba. Wanda aka kashe ɗan wata ne. Uwarsa ta ɗauki cikinsa wata tara kamar kowa, kuma in ta ji ana tafa wa wadda ta raba shi da duniya, dole zuciyarta ta yi ƙuna. Ni ba na cikin masu cewa duk abin da mace ta yi daidai ne don ita mace ce. Akwai mugayen mata, mun san su, wasunsu ma muna cin tuwo da su. Rai kuwa ba abin wasa ba ne. Amma ina so Hajiya ta tuna abu ɗaya: wasan nan bai zama hukuncin alƙali ba. Da aka gama tafi, 'yan kallo suka ɗauki jakunkunansu suka fita, su kuwa matan aka mai da su ɗakunansu aka datse ƙofa. Abin da suka samu shi ne an saurare su. In har sauraren ma ya yi wa mai laifi yawa, to a gaya mini amfanin ajiye ta da rai ana ba ta abinci.

Inda ni da Hajiya muka raba gari da gaske shi ne maganar kunya da tonon asiri. Haba jama'a! Asirin wa aka tona? Yarinyar da aka karya wa haƙarƙari, asirinta ne ko na wanda ya karya? Mun ɗauki kalmar rufin asiri, kalma mai kyau, wadda asalinta ita ce kada maƙwabta su san ba ki ɗora tukunya ba yau, mun mai da ita bargon da muke lulluɓe azzalumi da shi. Mace ta zo biki da ido a kumbure, a tambaye ta, ta ce ƙofa ce ta buge ta, duk mu ce ayya sannu, alhali kowa a wurin ta san ƙofar nan tana da hannu biyu da hula. Mu koma gefe mu yaba mata, mu ce wance akwai zurfin ciki. Ran da zurfin cikin ya fashe kuma, mu ne farkon masu cewa dama mun ga alama, idonta a tsaitsaye yake.

Na ce muku rabin fushina da kaina nake. Ga dalili. Ina da ƙanwa, 'yar ƙanwar mahaifiyarmu, ba zan faɗi sunanta ko garinsu ba. An yi mata aure tana 'yar shekara 16, ba a kai ga watanni ba ta fara yaji. Zuwan farko aka ce ƙuruciya ce. Na biyu aka ce zugar ƙawaye ce. A na uku wajena ta gudo, ba gidansu ba, don tana ganin ni na yi boko zan gane. Ta iso da magariba, takalminta ƙafa ɗaya a hannu. Na ba ta ruwan wanka, na ba ta tuwo. Da ta buɗe baki ta ce, "Yaya, wallahi in kin san abin da yake mini da dare," sai na ɗaga mata hannu na ce, "Kul! Ba a faɗar sirrin miji. Kowace mace da kika gani haƙuri take yi." Na ji daɗin kaina da na faɗi haka, ina ganin na yi maganar manya. Washegari ni da kaina na ɗaukar mata ƙullin kayanta, na biya kuɗin mota, na kai ta har ƙofar ɗakinta, na durƙusa na ba shi haƙuri.

Bayan wata biyar ta rafka masa taɓarya a ka. Allah Ya yi da sauran kwanansa, ya tashi, amma ita ta yi shekara ɗaya da wata huɗu a tsare tana jiran shari'a kafin manya su shiga tsakani a kashe maganar. Mu kuwa a gari cewa muka yi ta tafi wajen dangi jinya. Ina cikin masu kai mata abinci. Nakan kai dambu, da sabulu, da man shafawa, da ɗan kuɗin kashewa. In zauna in ce ya jiki, ta ce da sauƙi, in ce ki yi ta addu'a, ta ce to. Wallahi tallahi, 'yan uwa, duk zuwan da na yi, ko sau ɗaya ban ce mata, ƙanwata, me ya faru ba. Tsoron amsar nake yi, domin na san sunana na ciki.

Shi ya sa da na ga Zaina Dakkash zaune a cikin matan nan, ba uwarsu ba ce, ba yayarsu ba ce, tana tambayarsu tana jiran amsa, sai na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Aikin da ya kamata a yi a ɗakin uwa, ko a ɗakin yaya irina, shi ne sai da aka kulle su sannan wata bare ta zo ta yi.

Hajiya za ta ce, to da suka faɗa ɗin me ya ƙaru? Bari in ba ta labarin abin da ya faru a can. Kafin Ba'abda, matar nan ta fara aiki ne da maza a Rumiya, kurkuku mafi girma a ƙasar, wanda ake cusa wa mutane fiye da ninki biyu na adadin da aka gina shi dominsa. A 2009 fursunonin suka nuna wani wasa a kan mutum 12 da aka ɗora wa yanke hukunci a shari'ar kisa, aka gayyato manyan gwamnati da alƙalai suka zauna a cikin kurkukun suna kallo. Ashe tun 2002 akwai wata doka mai lamba 463 da ta ce a rage wa fursuna wa'adi in ya nuna halin kirki, amma tana kwance a takarda ba a aiki da ita. Fursunonin suka ɗago maganarta a gaban manyan nan, kuma a cikin wannan shekara aka fara aiki da ita. Shekara bakwai doka tana barci, sai da waɗanda abin ya shafa suka samu bakin magana.

A ɓangaren mata kuwa, ku ji irin dokokin da ake ɗaure su da su. Kafin 2014, matar aure da aka samu da wani namiji, ko a ina ne, ɗaurinta wata 3 zuwa shekara 2. Shi kuwa miji ba a kama shi sai in a cikin gidan aurensa ya aikata, ko ya ajiye daduro kowa na gani, kuma nasa ɗaurin wata 1 ne zuwa shekara 1. Ba ina wanke mai bin maza ba ne, Allah Ya kiyashe mu, amma laifi ɗaya da mudu biyu ake auna shi? Har zuwa 2011 ma akwai wata aya a dokarsu mai lamba 562 da ke sassauta wa namijin da ya kashe matarsa ko 'yar uwarsa da sunan wanke mutuncin gida. A watan Afrilu na 2014 majalisarsu ta zartar da doka mai lamba 293, wadda ta ba mace damar zuwa gaban alƙali ta karɓi takardar kariya a hana mai dukanta kusantarta, ta kuma daidaita hukuncin miji da mata a wancan laifi. Ba zan yi muku ƙarya in ce fim ne kaɗai ya kawo wannan ba. Wata ƙungiyar mata mai suna Kafa, wato ya isa haka, ta yi shekaru tana fafutuka, kuma sai da aka yi ta ɗaukar gawar matan aure daga ɗakunansu, jama'a suka cika titin Bairut a watan Maris na shekarar, sannan 'yan majalisa suka motsa. Dokar ma ta fito da giɓi, sai da aka sake gyara ta a 2020. Amma muryar matan Ba'abda tana cikin muryoyin da suka taru suka yi nauyi, kuma ita ce muryar da ta nuna inda hanyar take ƙarewa in aka ƙi ji tun farko.

Maƙwabciyata, wadda ta yi shiru tun da aka fara, da za ta tafi cewa ta yi, "Ai wannan can ne, su da Larabawansu da Kiristocinsu, mu nan ba haka muke ba." Allah sarki. A shekarar nan ta 2014 da Labanon ta yi dokarta, a nan jihar Kano wata yarinya 'yar shekara 14 ta zuba shinkafar ɓera a abinci, angonta mai shekara 35 ya mutu, wasu mutum uku da suka ci tare da shi su ma suka mutu. Ta shaida wa 'yan sanda cewa auren dole aka yi mata. A 2015 gwamnati ta janye ƙarar. Rai huɗu! Ukun nan ko sanin abin da ke tsakaninsu ba su yi ba, abinci kawai aka miƙo musu. Duk wadda take tausayin uwar mamaci da gaske, kamar yadda Hajiya ta ce tana yi, ita ya fi kamata ta matsu a saurari yarinya tun tana kuka da hawaye, tun kafin ta aika a sayo mata abin da za ta saya.

Mu ma nan a 2019 an canja wa gidajen yarinmu suna, yanzu gidan gyaran hali ake cewa. Madalla da suna. Amma kusan mutum biyu cikin uku da ke ciki ba a ma yanke musu hukunci ba, jira suke, kamar yadda ƙanwata ta yi jira. Ana koya wa wasu ɗinki da saƙa, wannan abu ne mai kyau, zai ba ta abin sayen sabulu in ta fito. Sai dai keken ɗinki ba ya tambayar mutum abin da ke ransa. Yaya za a gyara halin da ba a san inda ya karye ba? Ko mai ɗori sai ya lalubi wurin, ya ce nan ne? ka ce a'a, gaba kaɗan, sannan ya ɗaure.

Ban ce lallai sai an kai kalangu gidan yari ba, in rawar ce ta tsaya wa Hajiya a wuya a cire ta. Mu da muke da tatsuniya, muke da tashe, muke da wasan gauta tun kaka da kakanni, ba sai an koya mana yadda ake faɗar gaskiya a cikin wasa ba. Ko yaran da ke tashe da azumi sun san in suka kwaikwayi maigida mai rowa, duk unguwa ta gane wanda ake nufi, shi ma ya gane, kuma babu wanda ya zage shi. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne a ce wadda ta faɗi abin da aka yi mata ita ce marar kunya, wanda ya yi kuwa a ba shi tabarma a zaure, a kuma ba shi wata yarinyar bayan salla.

Ke uwa, ke yaya, ke gwaggo, ran da ta shigo miki da magariba ba ki san da zuwanta ba, ba na ce ki kashe mata aure ba. Wani yajin na shirme ne, gishiri ne ya yi yawa a miya aka yi faɗa, wannan a yi dariya a mai da ita. Amma ba za ki san wanne ne ba sai kin bar ta ta kai ƙarshen maganarta. Ki rufe ƙofa, ki kori yara, ki bar ta ta faɗa ko da abin zai hana ki barci. In ya kama a kira waliyyi a kira, in na asibiti ne a je, in na alƙali ne ai don haka aka ajiye shi. Haƙurin a ba ta shi daga baya, in ya dace da wurin.

Satin da ya wuce na shiga mota na je garin da ƙanwar tawa take yanzu. Ta yi wani auren, 'ya'yanta uku, tana suyar waina a ƙofar gida da safe. Na tarar tana wanke tanda. Bayan mun gaisa na zauna a kan turmi, na yi ta juya maganar a bakina, da ƙyar na ce, "Daren nan da kika zo gidana, na hana ki magana. Me kika so ki gaya mini?"

Ta daɗe tana kallona, hannunta da kumfa. Ta ce, "Yaya, sai yanzu? Shekara goma sha ɗaya fa." Na ce sai yanzu. Ta juya ta ci gaba da dirzar tandarta, har na ɗauka ba za ta ƙara cewa komai ba. Can ta ce yau tana da aikin wainar suna, mudu shida, ga yara sun kusa tasowa daga makaranta, in da gaske nake in dawo ran Asabar, kuma in zo ni kaɗai. Na riga na gaya wa maigidana, na kuma ajiye kuɗin mota.